Ragon Lauya

Saratou tana durƙushe gaban tasa tana raba naman rago kashi-kashi, Hajja Zulaihatu kuma tana zaune a kan kujera a bakin madafa, ba abin da take motsawa sai bakinta.

"Rage kitsen nan. Baƙon nan mutumin Tarabulus ne, ba irinku ba masu lashe tukunya."

"To, Yaya."

"To, Yaya," Zulaihatu ta kwaikwaye ta da siririyar murya. "Da wannan 'to' ɗin kuka cinye mana gida, ke da ƙanenki."

Saratou ba ta ɗago kai ba. Zulaihatu yayar mijinta ce, tun rasuwar nata mijin ta dawo gidan ƙanenta Barka a unguwar Hajara da ke garin Sabha. Larabci ne harshenta, amma in tana son zagi ya ratsa Saratou sai ta juya shi zuwa Hausar da ta tsinta a kasuwa, ta riƙa furta shi a hankali kamar mai soka allura.

Ragon nan ba na suna ba ne, ba na Sallah ba. Na lauya ne.

Abin ya faro ne daga Assoumane, ƙanen Saratou uwa ɗaya uba ɗaya. Ya biyo ta daga Tawa a shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwarara cikin Sabha, lokacin da kowane mai albashi ya sayi mota, ana zuba kwalta har wuraren da a da raƙumi kaɗai ke bi. Ya yi dakon siminti a gine-ginen unguwar Sukra, ya koma faci a bakin titi, har wani kamfanin taya na Tarabulus ya yarda ya ba shi wakilci. Su za su kafa masa allonsu mai ruwan ɗorawa a kan shago, su riƙa turo kaya, shi kuma kada ya sayar da tayar kowa sai tasu, ya biya duk ƙarshen wata. Amma ba a ba baƙo irin wannan amana sai ɗan ƙasa mai abin hannu ya tsaya masa. Barka ya tsaya. Ya sa hannu cewa in Assoumane ya gaza shi ne mai biya, ya kuma ambaci motarsa, babbar Marsandin da yake ƙetare hamada da ita zuwa Agadas, wadda duk abin da ake ci a gidan daga bayanta yake saukowa.

Assoumane kuwa ciniki ya yi irin na gida. Direba ya zo ya ɗauki tayoyi, ya ce sai ya dawo daga Agadas, a yi musabaha a rabu. Waɗansu sun dawo sun biya. Waɗansu sun dawo suka sauya titin da suke bi. Kamfani ba ya jiran dawowar ayari. Wata safiya aka wayi gari shagon a garƙame, aka ce Assoumane ya tsallaka Nijar, kamfani kuma ya turo lauyansa, Ustaz Hamed, ya shigar da ƙarar wanda ya tsaya.

Barka bai girgiza ba, don yana da dabarar da ya gada. A hanyar hamada, in mutum ya taso daga nesa ya biyo ka bashi, ba ka musu kuma ba ka biya. Ka sauke shi, ka yanka masa, ka ba shi haƙuri, ka ce ya dawo in an sare dabino. Guzurinsa da harawar raƙuminsa duk daga aljihunsa suke fita. In ya yi zuwa ya yi komawa ya ga tafiyar tana cin abin da ya zo karɓa, da bakinsa zai ce a ba shi rabi ya yafe sauran. Ga shi kuma wanda ya ci namanka ba ya iya zare maka ido. Haka mahaifin Barka ya yi da fataken garin Gat, haka Barka yake yi da Ustaz Hamed, yau fiye da shekara. Duk ranar zaman kotu sai a sami dalilin ɗagewa: yana kan hanya, azumi ya kama, shaida ya yi tafiya, ƙafa ta kumbura. Lauya ya taso a jirgi daga Tarabulus, ya zauna a kotu a banza, ya zo Hajara ya ci rago, ya koma.

Tun zuwan farko lauyan ya faɗa masa a fili cewa duk abin da kamfani ya kashe wajen bin bashin nan, wanda ya tsaya shi zai biya. Barka ya kwana biyu yana ba direbobi labari a tasha ana dariya. "Ya zo ya tsorata ni kamar yaro. Kun taɓa jin wanda aka biyo bashi shi ne ya saya wa raƙumin mai bin sa harawa?"

Saratou ba ta taɓa ganin fuskar Ustaz Hamed da kyau ba. Takalminsa ta sani, wanda yake cirewa a ƙofar ɗakin baƙi. Zuwan farko baƙi ne, dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda. Daga baya aka sake shi da ja mai sheƙi. Zuwan da ya wuce wani ne dabam, mai laushi kamar fatar ɗan akuya. Kwanon da ake kai masa kuma ƙashi kaɗai yake dawowa da shi, kuma bai taɓa tashi kafin shayi na uku ba. Ita dai a saninta mutumin da ake gajiyarwa ba ya sake takalmi, ba ya kuma cin abinci da wannan natsuwa. Ta taɓa gaya wa Barka, ya tambaye ta sau nawa ta ƙetare hamada.

Zulaihatu ta juya tana ƙwala wa maƙwabciya kira ta kan katanga. Saratou ta yi sauri ta zare tsoka mai kyau daga cinya, ta jefa a ƙaramin kwano, ta kife wani a kai, ta tura bayan buhun sha'ir.

Assoumane bai tsallaka ko'ina ba. Yana nan Wadi Bawanis, can wajen gari, a wata gonar albasa, yana ban ruwa da wani suna. Alhassane, mutumin Tawa da ke kawo kayan miya gari a akori-kura, shi ya raɗa mata tun makon farko. Tun daga nan duk ragon da aka yanka wa lauya, wani yanki nasa yakan bi Alhassane zuwa Bawanis a cikin ƙyalle.

"Kina ji na?" Zulaihatu ta dawo kanta. "Ranar da motar nan ta bar ƙofar gidan nan, ke ma ki ɗaure kayanki ki bi ta. Na gaya masa, yanzu na gaya miki."

Barka ya shigo yana goge hannu da tsumma, rigarsa ta jiƙe daga wankin mota. Yana cikin nishaɗi. Ya leƙa tukunya, ya ɗauki hanta ɗanya ya duba ta kamar mai saye.

"Alhaji," in ji Saratou, "ba yau ne zaman kotun ba?"

"Yau ne."

"Ba ka je ba."

"Ƙafata ta tashi." Ya ɗaga ƙafar ya karkaɗa ta, ya yi dariya. "Shi lauyan ya je ya sha zafin benci. Yau zai ce rabi, na ga alama. Wancan zuwan har hamma yake yi."

"Ƙoshi ne ya sa shi hamma."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Ke dafa abin da aka ba ki. Da kin iya gane mutane, da kin gane ɗan'uwanki kafin in sa masa hannu."

Bayan azahar tasi ta tsaya a ƙofar gida. Saratou ta tuƙa bazin, tuwon sha'ir ɗin da ta koya a gidan nan da zagi, ta mulmula shi a tsakiyar babban kwano, ta kewaye shi da miya da nama da dafaffen ƙwai. Barka ya karɓa a bakin labule ya shige. Takalmin yau ruwan ƙasa ne, har da ɗan ƙarfe a gefe. Ta ɗauko kayan shayi ta zauna a bayan ƙofa, inda ta saba, tana fifita gawayi. Larabci suke yi, amma shekarun da ta yi a Sabha sun ishe ta ji.

An ci, an wanke hannu, an yi hirar farashin siminti da sabon titin filin jirgi. Sai da ta miƙa shayin farko ta ƙarƙashin labule, kumfa na rawa a bakin kofuna, sannan Barka ya gyara murya.

"Ustaz, ka wahala. Wallahi ina jin kunyarka, mutum kamarka yana ta hawa jirgi saboda 'yan tayoyi. Mu rufe maganar nan tsakaninmu. Ka gaya wa mutanenka su karɓi rabi, ka huta, in huta."

"Allah ya saka da alheri, Haj Barka," in ji lauyan. Muryarsa a kwance take, irin ta wanda bai taɓa buƙatar ɗaga ta ba. "Ai an riga an rufe. Yau alƙali ya ce ya gaji da ƙafarka. Ya yanke hukunci ba ka nan."

Saratou ta daina fifita.

"Ya yanke me?"

"Bashin gaba ɗaya. Da kuɗin bin sa."

"Wane kuɗin bin sa?"

"Wanda na gaya maka tun ranar farko, a ɗakin nan, kana dariya. Kuɗin shigar da ƙara. Ladana na kowane zama, har waɗanda ba ka zo ba. Jirgi zuwa da komawa. Otal. Tasin da ta sauke ni yanzu a ƙofarka."

"Tasin da ta kawo ka cin abincina?"

"Zuwa neman sulhu ne, ya Haj. Aiki ne."

Saratou tana jin numfashin mijinta ta cikin labule.

"Ba a yin haka," in ji Barka. "Tun daga nan har Agadas ba wanda ke yin haka. Mai bin bashi shi ke ɗaukar nauyin tafiyarsa. Ka tambayi kowa."

"Ban san na Agadas ba. Na abin da ka sa wa hannu na sani, alƙali ma shi ya duba. Kamfani ya ba surukinka allonsa da kayansa ne don kai ka ce ba zai yi asarar ko sisi ba. Kuɗin lauya ma sisi ne." Kofi ya taɓa faranti. "Ranar da na fara zuwa, da ka yi 'yan tafiye-tafiye ka share bashin ka riƙe motarka. Yau kuɗin bin bashin ya kusa kamo bashin kansa. In aka haɗa su biyun, ba abin da zai rufe sai motar. Ma'aikacin kotu zai zo bayan la'asar."

"Kai ka san haka duk lokacin nan."

"Na faɗa maka."

"Sau ɗaya."

"Ni lauyan kamfani ne, ya Haj, ba naka ba."

Wani abu ya daki bango ya tarwatse. Kofin shayi ne. Zulaihatu ta fito daga ɗakinta ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Ka zauna a kan shimfiɗata," Barka yana magana haƙoransa a cije. "Ka sa hannunka a kwanona. Raguna nawa ka ci a gidan nan? Ko kare in ya ci na gida yakan san ƙofar."

"Na ci, kuma ban taɓa cin bazin mai daɗin na gidan nan ba." Saratou ta ji ƙarar buɗe jakar kuɗi. "In kuɗin ragunan kake so, faɗi, in biya ka yanzu."

Ko ba ta ga fuskar Barka ba ta san yadda ta koma. Mutumin da ubansa ya taɓa yanka raƙuma mai ciki don baƙin da bai san sunansu ba, yau a ɗakinsa ana tambayarsa kuɗin abincin baƙo.

"Sai dai ka sani," lauyan ya ƙara a hankali, "in na biya, abinci ne na ci a bakin aiki. Zai shiga lissafin."

Saratou ta dubi ƙofar gida. Daga inda take tana hango goshin Marsandin, ruwan wankin safe bai gama bushewa a ƙasanta ba. Ta dubi Zulaihatu, wadda ta zuba mata ido tana gyaɗa kai kamar mai cewa ga ranar ta zo. Ta tuna Assoumane yana ƙarami, tana goye da shi a bakin rijiya a Tawa. Ta miƙe, ta ja mayafinta, ta matsa jikin labule.

"Ustaz, ni ce matar gidan."

"Koma ciki," in ji Barka da Hausa.

Ba ta koma ba. Larabcin yana kakkarye mata. "In aka sami wanda ya ci bashin fa? In aka kawo shi, za a bar motar?"

"An ce ya tsallaka."

"Bai tsallaka ba. Yana Wadi Bawanis. Gonar albasa ce, bayan babbar rijiya mai inji. Ana kiransa Inoussa a can."

Gawayin da ta bari ya yi ƙara ya fashe. A bayanta Zulaihatu ta saki wata 'yar dariya ta hanci.

"Uwargida," in ji lauyan, da ladabi sosai, "gonar tasa ce?"

"A'a. Ban ruwa yake yi."

"Yana da mota? Gida? Wani abu da za a sayar?"

"Ba shi da komai."

"To kin gani. Kamfani ba wanda ya ci yake nema ba, wanda ke da abin biya yake nema. Dalilin neman mai tsayawa ke nan tun farko. Ko da kin kawo shi ranar da ya gudu, nan ɗin dai zan zo, sai dai da zuwa ɗaya zan yi." Ya ɗan dakata. "In Haj Barka yana son ya bi surukinsa ya karɓi nasa, wannan sabuwar ƙara ce. Zan iya nuna masa lauya mai kirki a nan Sabha. Shi ma dai biyansa ake yi."

Labulen ya yaye da ƙarfi. Barka ya fito, ya wuce ta gefenta har kafaɗarsa ta goge ta, bai dube ta ba. Ya fita waje. Tana tsaye tana jin sa yana buɗe ƙofar mota, yana jefo kaya cikin tsakar gida ɗaya bayan ɗaya: bargo, butar shayi, salkar ruwa, igiya, tabarmar salla, jakar sifanu. Aka buga ƙofar motar, aka murza makulli. Ustaz Hamed ya fito yana saka takalminsa a tsanake, yana taimaka wa dunduniya da yatsa. A bakin ƙofa Barka ya jefa masa makullin a ƙasa. Lauyan ya sunkuya ya ɗauka, ya hure ƙurar, ya sa a aljihu, ya yi godiyar abinci, ya tafi neman tasi.

"Munafuka," in ji Zulaihatu, da Hausa, a hankali. "Shekara guda muna kwana da macijiya. Barka, ka ji da kunnenka. Ko ka sallame ta yau ko ni in bar gidan nan."

"Yi shiru, Hajja."

Saratou ta koma madafa don ba ta san inda za ta je ba. Ta fara tattara kwanuka. Barka ya shigo ya tsaya a kanta, ya toshe hasken ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun makon da ya rufe shago."

"Wa ke kawo miki labari?"

"Alhassane mai kayan miya."

Idonsa ya zagaya madafar, ya tsaya a bayan buhun sha'ir. Ya sa ƙafa ya jawo ƙaramin kwanon, ya ture murfin. Tsokar cinya tana kwance a ciki, ta fi duk wadda aka kai wa baƙo kyau. Ya daɗe yana kallonta.

"Ƙanenki ma yana cin ragona."

Ya ɗago ya dube ta, ya ci gaba.

"Lauya ya ci, ɓarawo ya ci. Ni ne ban taɓa ƙoshi da shi ba, ina ta tura wa baƙo."

"Alhaji, da na faɗa tun farko, ka ji abin da Ustaz ya ce, ba abin da zai..."

"Kada ki kawo min maganar Ustaz."

A waje aka danna ƙaho sau biyu, gajeru. Alhassane ne, ya gama kasuwa zai koma Bawanis, ya biyo ta ƙofar kamar yadda ya saba duk ranar da ya ji an yi yanka a gidan. Saratou ta tsaya da kwano a hannu.

"Ɗaure masa," in ji Barka.

Ta ɗauko ƙyallen, ta naɗe naman, ta ƙulle bakin. Ta yi taku ɗaya za ta nufi ƙofa, ya miƙo hannu.

"Kawo. Yau ni zan kai masa."

Ya fita da ƙunshin. Ta bi shi har bakin ƙofa, ta ga Alhassane ya buɗe baki zai yi gaisuwa ya fasa. Barka ya zagaya ya shiga gaba ya zauna, ya ɗora naman a cinyarsa, ya nuna hanya da haɓa. Akori-kurar ta ja a hankali, kwandunan da babu komai a cikinsu suna karo da juna, ta sha kwana.

Zulaihatu ta shige ɗaki tana jan akwati da ƙarfi don a ji, ko nata ko na Saratou. Saratou ta durƙusa gaban kayan da aka zubar a tsakar gida ta fara jera su. Ta san abin da ke zama a motar nan kamar yadda ta san madafarta, don ita ke shirya masa su duk tafiya. Bargo yana nan. Buta, salka, igiya, tabarma. Ta zazzage jakar sifanu a ƙasa. Dogon ƙarfen cire taya, wanda kullum yake kwance a ƙarƙashin kujerar direba, ba ya cikinsu.

Wataƙila ya bar shi a inda yake. Rigar da ya fita da ita mai faɗi ce, ba ta lura da yadda yake riƙe hannunsa na hagu ba.

Ta fita ba takalmi, ta taka matakalar motar, ƙarfen ya ƙona mata tafin ƙafa. Ta manna fuska a gilashi, ta kare da hannu biyu, amma ƙarƙashin kujerar duhu ne. Ta kama hannun ƙofar ta ja. A kulle take, makullin kuma yana aljihun lauya.